Lambar da ta ɓace a takardarmu

Laraba, bayan isha'i.

Ko jaka ban ajiye ba da safe yaron da ke koyon aiki a wurinmu ya tare ni. "Yaya, kanel ɗin nan ya ƙi haɗuwa, tun jiya nake fama." Kanel na Linux yake nufi, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Na jawo kujera kusa da shi. Ya sake buga make, umarnin da ke fara haɗin, nan take aikin ya tsaya da saƙo cewa kwamfailar, wato manhajar da ke mayar da rubutun shiri ya zama abin da kwamfuta ke iya aiki da shi, ta tsufa: tasa mai suna GCC, siga ta 4.8.5 ce, ana son aƙalla 5.1. Tsohuwar kwamfutar da aka ba shi CentOS 7 ce a kanta, wani nau'in Linux, da wannan sigar GCC take zuwa, shi kuma kanel na Linux 5.15 yake ƙoƙarin haɗawa.

Yaron bai yi kuskure ba. Takardar jagorar ofis ya bi layi-layi, ita kuwa iyakar abin da ta ce shi ne "a tabbatar akwai GCC na zamani". Zamanin wa? Abin ya dame ni, don har ya fara cewa wataƙila kansa ne ba ya ja.

Bayan azahar na zauna gyaran takardar. Na buɗe fayil biyu da ke faɗin mafi ƙarancin sigar da ake karɓa: changes.rst da ke cikin kundin bayanan kanel, da min-tool-version.sh wanda shi ake dubawa lokacin haɗin. Da farko na so in rubuta lamba ɗaya in huta, sai na ga ba za ta yi ba, domin iyakar tana matsawa. A 2018, da fitowar kanel 4.19, GCC 4.6 ake nema. A kanel 5.8 aka kai GCC 4.9, a 2021 kuma kanel 5.15 ya ɗaga zuwa GCC 5.1. Daga kanel 6.16 kuwa sai GCC 8.1. Kowane kanel da tasa iyakar.

Don haka na rubuta: kafin komai, a buga gcc --version, a gwada lambar da abin da ke cikin kanel ɗin da aka sauko da shi. Na ƙara layi ga masu amfani da wata kwamfailar mai suna Clang, don su ma da tasu iyakar daban.

Kafin magariba na miƙa masa ya karanta, ban yi masa bayani ba, ina kallonsa. Ya tsaya a wuri ɗaya kawai, na gyara jimlar. Ya sa sabuwar GCC, muka bar kwamfutar tana ta haɗi. Gobe da safe zan fara leƙa allonsa.