Godiya bayan dawowata daga kwarin Hallingdal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, na iso Zariya lafiya tun shekaranjiya da daddare. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba, barci nake ta yi, shi ya sa masu kira da yawa ba su same ni ba. Ku yi mini afuwa. Ba zan maimaita labarin ba, kun bi shi tun farko, wasunku ma sun ga hotunan Nesbyen, garin da ɗiyata take zaune a kwarin Hallingdal na ƙasar Norwe, cikin ruwan ambaliya kafin ni da nake cikin garin in gan su. Godiya kawai na zo yi.

Ganin jika ya kai ni Norwe a watan Yulin 2023, da gaida abokan arziki na ɗiyata da ke garuruwan Gol da Ål. Makonnin farko daɗi kawai muka sha. Rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, tumaki na kiwo a kan duwatsu da ƙararrawa a wuya, duk gidan da muka shiga sai an kawo kofi. Mutanen Nesbyen ma da rana suke alfahari, don a garinsu aka auna zafi mafi tsanani a tarihin ƙasar, digiri 35.6 a shekarar 1970. Ban taɓa kawowa a raina cewa ruwa ne zai kore mu daga gida a irin wannan gari ba.

Daren Talata 8 ga Agusta shi ne ba ya barin zuciyata. Guguwar da suke kira Hans ta kwana ta wuni tana zuba, kogin Hallingdalselva ya cika ya batse, an rufe hanyar mota, an tsayar da jirgin ƙasa, surukina ya maƙale a Oslo. Daga ni sai ɗiyata sai jariri ɗan wata biyu. Da saƙo ya shigo waya cewa a fita, ɗakin ƙasa ya riga ya cika, ruwa ya kai tayar mota. Na ɗauki yaron na goya shi, na ɗaure zani tamau, na ƙara majanyi a kai. Bakina babu komai sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Ba ruwan ne ya fi ba ni tsoro ba, ƙararsa ce. Wani rugugi yake yi daga gangaren dutse, kana jin duwatsu suna gogar juna a cikinsa, ba ka ganin komai.

A nan fitilar tarakta ta hasko mu.

Ɗiyata ta ja mini kunne cewa mutanen can ba sa son a yabe su a bainar jama'a. Na ji, amma ba zan iya yin shiru ba. Zan kira shi da sunan da na sa masa, Baba Mai Tarakta, manomin da ke gidan gona na saman tudu, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya sauko ya dube ni, ya dubi kan yaron da ke leƙowa a bayana. Bai ce uffan ba. Rigar ruwansa ya tuɓe ya lulluɓa mana, ya ja hular ya rufe kan jaririn, ya ɗaure mini igiyar a gaba da hannunsa yana rawar sanyi. Shi kuwa ya tuƙa mu a haka, ruwa na dukansa, har gidansa. Da muka isa na tuna maganin hawan jinina yana kan tagar kicin. Ban faɗa masa ba, ɗiyata nake gaya wa da Hausa, tana cewa Mama ki bari sai da safe. Fuskata ya karanta, ya tambaye ta. Kafin mu hana shi ya juya taraktar. Ya dawo da ledar maganin a cikin hularsa, wandonsa jiƙe har ƙugu.

Baba, Allah ya saka maka da alheri. Yadda ka rufa mana asiri a daren nan, Allah ya rufa maka naka, ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya jiɓinci lamarin zuri'arka.

Sai matarsa. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta nuna ƙirjinta ta ce bestemor, ta nuna ni ta sake cewa bestemor, wato kaka, ni da ita duk kakanni ne. Ta sa mini safar ulu da ta saƙa da hannunta. Da ta ga ina neman wurin sallah, ta fitar da karensu zuwa rumbu ba tare da kowa ya roƙe ta ba, ta shimfiɗa mini sabon bargo, ta tsaya har ɗiyata ta nemo alƙibla a waya. Kwana shida muka yi a ɗakinta. Allah ya yi mata sakayya da mafificin alheri.

Ina godiya ga 'yan agajin Red Cross da ma'aikatan ƙaramar hukuma da ba su runtsa ba. Ina godiya ga maƙwabta da suka fito da shebur da bokiti bayan ruwa ya janye. Su dugnad suke ce masa, mu gayya muka sani, har malamin makaranta da likita na gani cikin laka suna kwasa. Ƙawar ɗiyata Basomaliya da ke Ål, wadda ta riƙa aiko shinkafa da nama da zarar hanya ta buɗe, Allah ya ƙara buɗi. Aminanmu na kwarin Gudbrandsdal, ku yi haƙuri ban ƙaraso ba kamar yadda na yi alkawari. Ku ma kun sha naku, gadar jirgin ƙasa ta Ringebu ta karye ranar 14 ga wata, Allah ya taƙaita babu jirgi a kanta.

Na gida kuwa, Yaya Babba da ya sa aka yi mana addu'a a masallacin unguwa, Goggo da ta yi sadakar waina kwana uku a jere, matan Islamiyyarmu da suka yi saukar Alƙur'ani, bakina ya yi kaɗan. Allah ya bar zumunci, ya biya muku bukatunku na duniya da lahira, ya jiƙan iyayenku, ya kare 'ya'yanku a duk ƙasar da suke neman abinci.

Akwai na jini da ke zaune a Oslo, tafiyar da ba ta kai awa uku ba a jirgin ƙasa. Na san hanya a rufe take, amma waya ba a rufe take ba. Na jira har ranar da zan taso. Na bar wa Allah, wataƙila akwai uzuri.

Ɗiyata da mijinta suna gidan haya na wucin gadi, an ɓalle katakon ƙasan gidansu ana busarwa, kuma sanyi na tafe. Yaron lafiyarsa lau, ko tari bai yi ba. Don Allah ku ci gaba da sa su a addu'a, da duk mutanen kwarin da suka rasa muhalli.

Wassalam.