Daren da na ci karo da "kumi" a littafin Baba

Asabar ɗin da ta wuce aka ɗauke mana wuta a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, tun bayan isha'i, zafi ya hana kowa zaman ɗaki, duk muka fito tsakar gida da kujeru da tabarmi. Gidanmu gidan haya ne irin na zango, ɗakuna a jere famfo ɗaya. A ɗakin ƙarshe akwai wani dattijo mutumin Bawku, Kirista ne, ya fi shekara talatin a gidan, kowa Baba yake ce masa, shi ya riƙe min kan rago ranar sunan ɗana na fari. Idonsa ya yi rauni yanzu, jikarsa ce take karanta masa Littafi Mai Tsarki na Hausa da dare, to ran nan ta tafi biki Tafo, sai naji yace "ɗana, zo da wayarka ka haska ka karanta min inda na sa tsinke."

Ni Musulmi ne, allo na fara kafin boko, kuma aƙidata tana nan inda iyayena suka ajiye ta. Amma Baba ba wanda zan ce wa a'a bane. Na karɓi littafin, bangonsa duk ya sha salatef, tsinken tsintsiya yana cikin Markus sura 5, labarin yarinya 'yar shekara 12 da aka ce ta mutu, Annabi Isa (AS) ya shiga ɗakin ya kama hannunta yace "Talita kumi". Nan bakina ya tsaya. Kumi? Wallahi sai naji kamar malaminmu na allo ne a bayana, ƙum fa'anzir, tashi ka yi gargaɗi, in mace ake wa magana kuma ƙumi. Layin da ke biye ma ya fassara, wai yarinya ina ce miki tashi. Nace Baba wannan ai Larabci ne. Yace a'a, fastonsu ya taɓa ce musu Aramiyanci ne, yaren da Annabi Isa yake yi a gida.

Tun daren nan abin bai sake ni ba, kwana biyar kenan ina bin sa a intanet in na tashi daga shago. Tambayar da ta dame ni ita ce, mutanen da aka ba Attaura da Ibrananci, yaya aka yi suka koma wani yare a gida, kuma yaya aka yi Linjilar da ke hannun Kiristoci aka rubuta ta da Girkanci, yare na uku? Amsar da na samu ta shige ni sosai, don labarin zango ne.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima ya kwashe sarki Yekoniya da manyan gari da maƙera da masassaƙa ya kai su ƙasarsa, Iraƙi ta yau. Bayan shekara goma da ɗoriya ya dawo ya rushe garin ya ƙona Haikali ya ƙara kwasar mutane. Ba a littafin addini kaɗai wannan yake ba, an tono allunan laka a Babila masu lissafin man da ake auna wa Yekoniya da 'ya'yansa daga rumbun sarki, suna Balin ta Jamus yanzu. Wanda ya fi taɓa ni kuma wasu allunan ne na wani gari da aka zaunar da su, sunan garin Al-Yahudu, wato garin Yahuda. Unguwar baƙi ce aka sa mata sunan inda suka fito. Abin da ke rubuce a kai ba addu'a bace, bashi ne da haya da haraji da sha'ir da dabino, irin takardun da kakana yake ajiyewa a tsohuwar akwatin ƙarfe na cinikin goro. Annabi Irmiya ma ya aika musu wasiƙa, tana sura 29 ta littafinsa, yace ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nema wa garin da aka kai ku zaman lafiya. Duk ɗan zangon da ya karanta wannan ya san muryar. Kakanninmu dai ba da sarƙa aka kawo su ba, fatauci ne ya biyo da su ta Salaga, wannan bambanci ne babba kuma ban manta shi ba, amma zaman baƙunta da ya zama zaman gida mun san shi, kuma tsofaffinmu da suka ga korar baƙi ta 1969 lokacin Firaministan Ghana Busia sun san yadda ake tashi da safe a ce maka ƙasar da ka haifi 'ya'ya a cikinta ba taka bace.

To a can yaren ya fara zamewa. Aramiyanci shi ne yaren kasuwa da ofis tun daga Masar har Farisa, kamar yadda Hausa take a kasuwar shanu ko Twi, yaren Ashanti, a kasuwar Kejetia, in baka ji ba ciniki ya wuce ka. Da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 kafin Annabi Isa ya bar su su koma, wasu suka koma, da yawa suka ce mu nan muka sani suka yi zamansu. Shugaban masu komawar ma sunansa Zarubabel, ma'anarsa irin Babila, haifaffen can.

Baba ne ya nuna min Nehemiya sura 8 da na kawo masa wannan zancen daren Talata. Ezra malamin Attaura ya hau mumbarin katako yana karanta Attaura tun asuba har tsakar rana, Lawiyawa masu hidimar Haikali suna cikin jama'a suna bayyana ma'ana don mutane su gane. Nace Baba wannan ai tafsirin azumi ne, mai jan baki ya ja aya malam ya fassara. Kuma haka al'adar ta zauna a majami'unsu daga baya, mai karatu ya karanta aya ɗaya ta Attaura da Ibrananci ya tsaya, mai fassara ya maida ta Aramiyanci, sannan a wuce. Sunan wannan fassarar Targum, tushe ɗaya da tarjama da muke faɗa kullum. Na daɗe ina riƙe da wayar ina kallon kalmar nan.

Girkanci kuma daga baya ya shigo, bayan yaƙe-yaƙen Iskandar na Makidoniya. Yahudawan da suka zauna a Iskandariya ta Masar jikokinsu suka tashi ba sa jin Ibrananci, sai aka fassara musu Attaura da Girkanci kusan shekara 250 kafin Annabi Isa, ita ake kira Seftuwajinta saboda labarin dattawa 72 da aka ce su suka yi aikin. Marubutan Sabon Alkawari da yawa daga ita suke ɗauko ayoyi. Shi yasa Markus yana rubutu da Girkanci amma wasu kalmomi ya bar su yadda suka fito daga baki, kumi, da Abba, wadda yaranmu ma haka suke kiran uba, da iffata da aka faɗa wa kurma a sura 7, wato buɗe, danginsu ɗaya da Fatiha. Daga baya aka kai Littafi Mai Tsarki cikakke Twi a 1871, aka kai shi Hausa a 1932, kalmar tana nan ba wanda ya taɓa ta har ta iso hannuna a tsakar gida da hasken waya.

Abin da yake ɓata min rai shi ne yadda muke mu'amala da littattafan nan a gari. Ka tsaya a Kejetia ko ka shiga Facebook, wannan ya ɗaga lasifika ya yanko aya ɗaya ya jefi wancan, wancan ma ya yanko ya rama, ba wanda ya tsaya ya tambaya wa aka faɗa wa maganar, a wane gari, wane sarki ke mulki, da wane yare. Mu da aka koya mana asbabun nuzuli, aka ce kar ka fassara aya baka san dalilin saukarta ba, bai kamata mu ne za mu yi wa littafin maƙwabci abin da ba mu yarda a yi wa namu ba. Sanin tarihin nan bai sa na yarda da duk abin da Baba ya yarda da shi ba, shi ma bai nemi haka ba, inda muka saɓa mun san shi kuma ba ƙarami bane.

Akwai wani wuri a ƙarshen Nehemiya, sura 13, da ya tsaya min a maƙogwaro. Nehemiya, gwamnan Yahuda, ya tarar da Yahudawa sun auri matan Ashdod da Ammon da Mowab, rabin yaran yaren Ashdod suke yi ba su iya na Yahuda ba, ransa ya ɓaci har ya doki wasu ya tuge musu gashi. Dukan ban goyi bayansa ba sam, amma zafin da ya ji na san shi. Ɗana in na yi masa Hausa da Twi yake amsa min, da abokansa kuma Turanci, kakarsa ta kira daga Kano sai dai ya yi ta "eh, eh" ya miƙo min wayar. Mutanen Iskandariya ba su doki kowa ba, zama suka yi suka kai wa yaran littafin da yaren da suke ji, kuma suka ci gaba da kiran Asabar da Idin Ƙetarewa da sunayensu na asali a cikin Girkancin. Ni hanyarsu zan bi, na fara tun shekaranjiya, bayan magariba in ba shi labarin Annabi Yusuf da Hausa, inda ya maƙale in faɗa da Twi in sake maimaitawa da Hausa.

Jiya da safe zan fita shago na tarar da Baba a bakin famfo yana jiran bokitinsa ya cika. Yace "ɗana, in namiji ne yaya kace ake faɗa?" Nace ƙum, Baba. Ya maimaita sau biyu, sannan ya leƙa ɗakinmu inda yaron yake kwance har bakwai ta wuce, ya buga ƙofa da sandarsa yace "kai, ƙum, makaranta."