Garin da ya san ciwon ƙafa

Wata Lahadi ce, wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, na shiga wani ɗan ƙauye a tsakiyar shimfiɗaɗɗen filin nan na arewacin Sifaniya da suke kira Meseta, tsakanin Burgos da León. Ba zan ambaci sunansa ba, don mutanensa ba su yi mini laifin komai ba. Tun duku-duku nake tafe, gorar ruwana ta ƙafe, cikina kuwa sai kiran ciroma yake. Kanti ɗaya tal ne a garin, shi ma a garƙame, da takarda manne a ƙofa cewa sai Litinin. Na samu gindin bangon coci na zauna, na cinye busasshen burodin jiya da rabin tuffa, ina kallon wata kyanwa tana kallona.

Hanyar da nake bi ita ce Camino Francés, wadda ke tashi daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa, ta haura tsaunukan Pyrenees, ta miƙe har Santiago de Compostela, kusan kilomita 780. Asalinta hanyar ziyarar Kiristoci ce tun ƙarnukan baya. Ni Musulmi ne, tafiyar kawai ta kai ni, kuma na tarar da irina da yawa waɗanda ba ibada ta fito da su ba. A 2023 kaɗai, sama da mutum dubu 440 ne suka karɓi takardar shaidar kammalawa a Santiago, ta hanyoyi daban-daban. Kowanensu sai da ya kwana a wani wuri, ya yi wanki a wani wuri, ya nemi abin sa wa a bakin salati a garin da mazaunansa wataƙila ba su kai ɗari ba.

Kafin na fita, duk tunanina a kan gado yake: ina zan kwana, katifar za ta yi taushi ko a'a. Ban yi mako guda ba na gane gado shi ne na ƙarshe a lissafi. Wanda ya taka kilomita 25 da jakar goyo a baya, ko a kan tabarma ka shimfiɗe shi zai yi barci. Abin da ke hana shi sakat shi ne ƙafarsa da safarsa.

Ga yadda abin yake. Safa biyu ko uku kake ɗauke da su, domin duk abin da ka ƙara a jaka kafaɗarka ce za ta biya. Kana isa masauki za ka wanke ta yau, kuma dole ta bushe kafin asuba. Idan ba ta bushe ba, ko ka sa ta da danshi ka wayi gari da bororo a dunduniya, ko ka maƙale ta a bayan jaka kana tafe tana lilo kamar tuta. Shi ya sa da na shiga masauki, idona ba ya zuwa ɗakin kwana sai ya fara leƙa bayan gida: akwai wurin wanki mai zurfi? Akwai igiyar shanya? Rana tana kaiwa wurin, ko inuwar bango ta cinye shi tun la'asar? Na kwana a wani masauki sabo fil, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga soket a kan kowane gado, amma babu igiya ko ta taku ɗaya, sai injin busar da kaya da ke cin kuɗi, mutum arba'in suna layi a kansa. Wanda ya gina wannan wuri bai taɓa yin tafiyar kwana uku a ƙasa ba, ko rantsuwa na yi ba zan yi kaffara ba.

A ƙauyen nan na ranar Lahadi kuwa, wata dattijuwa ce ke kula da masaukin, cikin masu aikin sa-kai da suke kira hospitalero. Ina shiga ina laluben takarduna, ta ɗaga mini hannu.

"Ɗana, takarda ba ta gudu. Cire takalmin tukuna."

Ta nuna mini kantar da ake jera takalma a bakin ƙofa, don ba a shiga da su ɗakin kwana. Ta kawo roba da ruwan sanyi, ta watsa gishiri, ta tsiyaya ruwan tsami, ta ce in tsoma ƙafa. Sai da na yi ajiyar zuciya sannan ta karɓi ɗan littafina ta buga hatimi. Da yamma aka yi yayyafi, takalman da wasu suka bari a waje suka jiƙe. Ta fito da tarin tsofaffin jaridu, ta koya mana mu cuccusa su a ciki, kafin safe takarda ta tsotse danshin. Ban ga jarida ta yi amfani irin na wannan dare ba.

Ɗan littafin nan shi ake kira credencial, kuma in ba ka da shi masaukan gwamnati da na coci ba za su karɓe ka ba. Duk inda ka kwana sai a buga maka hatimi, a kilomita 100 na ƙarshe ma hatimi biyu ake so a kowace rana ga mai neman takardar shaida. Dokokin masaukin, wanda suke ce wa albergue, kusan iri ɗaya ne ko'ina: kwana ɗaya za ka yi sai fa in ba ka da lafiya, ƙarfe goma na dare a rufe ƙofa a kashe fitila, kafin takwas na safe ka tattara komatsanka. Yawancin na gwamnati ba a kama wuri ta waya, wanda ya riga zuwa shi ke da gado, kuma mai ƙafa yana gaban mai keke. Wajen Yuro 10 na riƙa biya a irinsu, na 'yan kasuwa kuma su ɗara haka.

Wannan doka ta wanda ya riga zuwa ita ke haifar da abin da na fi tsana a tafiyar. Daga Sarria, inda jama'a ke tuɗaɗowa saboda ta ɗan haura kilomita 100 kaɗan daga Santiago, tafiya ta koma tsere. Tun ƙarfe biyar za ka ji ƙarar leda da zif, tocila na haska maka ido, mutane na sanɗa su fita don su jera jakunkunansu a ƙofar masauki na gaba kafin a buɗe da ƙarfe ɗaya. Ka zo ganin ƙasa, ka ɓige da bin duhu.

Sai maganar agogo. Mutanen Sifaniya suna rufe kantuna wajen ƙarfe biyu, ba su buɗewa sai biyar, daidai lokacin da matafiyi ke isowa da yunwa. Abincin darensu kuma sai tara, ga ƙofar masauki ana rufewa goma. Garin da ya saba da masu tafiya za ka gane shi da cewa ya karkato da agogonsa wajensu: gidan abinci ya fara rabon abin da suke kira menú del peregrino, wato abincin matafiya, tun bakwai, wani ya buɗe wurin shan kofi tun shida na safe. Ni kuma ina da ƙarin nawa aikin, domin naman alade yana ɓuya har a cikin miyar wake, kuma giya tana cikin kuɗin abincin. Kalmomin Sifaniyanci na farko da suka zauna mini a baki su ne "sin cerdo" (ban da alade) da "agua" (ruwa). Wainar ƙwai da dankali ta rufa mini asiri fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Sau ɗaya na ce bari in dafa da kaina a wani masauki a Galicia, na sayo taliya da tumatir, na tarar da kicin tsaf-tsaf, ga murhu, amma babu tukunya ko ɗaya, babu ko cokali.

Ruwa ma haka. Famfunan kan hanya wasu an rubuta musu cewa ba na sha ba ne, sai ka karanta kafin ka kafa baki. Daga Carrión de los Condes zuwa Calzadilla de la Cueza kilomita 17 ne babu gari a tsakani, inuwa ma sai ka yi da gaske, kuma Calzadilla tana cikin kwari, ba ka hango ta sai ka kusa taka ta. Wanda bai cika gora a Carrión ba zai yaba wa aya zaƙinta.

Kada a ɗauka alherin na tafiya gefe ɗaya ne. Foncebadón, can kan tsauni kusa da gicciyen ƙarfen da ake kira Cruz de Ferro, ya kusa zama kufai, mutanensa sun watse. Masu tafiya ne suka dawo masa da rai, yanzu ga masaukai ga wuraren cin abinci. Inda kuɗi ya shigo kuma dabara ba ta rasa biyo shi. Kibiyoyin nan masu ruwan ɗorawa da limamin cocin O Cebreiro, Elías Valiña, ya fara shafawa a 1984 don kada matafiya su ɓata, na ga inda wani ya shafa nasa na bogi don ya karkato da mutane ta ƙofar shagonsa. Ƙarin rabin kilomita ba komai ba ne ga mai mota. Ga mai bororo biyu a ƙafa, zalunci ne.

Kuɗin cizo ban haɗu da shi ba, Allah Ya kiyaye, amma na koyi ɗaga katifa in duba ɗinkin gefenta, kuma ba a ɗora jaka a kan gado. Minshari kam ba shi da magani sai abin toshe kunne.

Wurin da ya fi zauna mini a rai shi ne Grañón, a La Rioja. Masaukin a jikin ginin cocin yake, ana hawa ta wata matsattsiyar matattakalar dutse. Babu gado, katifu ne sirara a ƙasa, babu kuma farashi, akwati ne a buɗe, ka saka abin da ya sawwaƙa. Tare aka yi girki, tare aka wanke kwanuka. Da asuba na rasa inda zan yi salla, don ko'ina mutane ne kwance. Na lallaɓa na sauko da tawul ɗina, na shimfiɗa a ɗan lambun da ke bayan ginin, kusa da igiyar shanya. Da na sallame na miƙa hannu na taɓa safata, na ji ta bushe ƙayau, na zauna a kan dutse na sa ta.