Ranar da kalangu ya shigo situdiyo

Laraba, Kano.

Ƙarfe tara na buɗe situdiyo, don waƙar bikin nan dole ta fita kafin Juma'a, ranar kamu. An ɗauke wuta tun asuba, sai muka tayar da janareto can bayan shago. Titin Gidan Zu bai gama cika ba a lokacin.

Tun jiya aka ɗauki muryoyi, na mawaƙi da na mawaƙiya da amshi, kiɗan fiyano kuma yana zaune a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta. Abin da ya rage shi ne kalangu. Dangin ango mahauta ne, sun ce ba su yarda da kalangun cikin kwamfuta ba, na gaske suke so. Na ga gaskiyarsu, tun kaka da kakanni kalangu kiɗan mahauta ne. Wajen sha ɗaya sai ga wani dattijo da nasa a rataye. Bai shigo ba sai da ya shanya shi a rana fatar ta ɗame. Na kafa makirfo kamar taƙi ɗaya daga fatar, na ɗan karkata shi gefe don kada ƙarar gula ta fi amon gangar. Ina kallonsa ta gilashi, hedifon a kunne, yana matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauko. Take yake kaɗawa, na gidan ango, har yaron da ya rako shi yana faɗin kirarin a hankali.

Bayan azahar na zauna haɗa sauti, nan aikin yake. Kalangu da muryar namiji wuri ɗaya suke takawa. Tsakanin 200 da 500 Hz, a ma'aunin hawa da saukar sauti, murya take da kauri, nan kuma gangar take da jiki. Da na sake su tare sai sunayen suka dushe. Mawaƙi ya ce, "Oga, ɗaga min murya kawai." In na ɗaga ta, fiyano ya nutse, in na ɗaga fiyano, amshi ya ɓace, haka za a yi ta yi har waƙa ta zama hayaniya.

Dattijon yana zaune a bayana yana cin goro. Ya ce, "Ɗana, a filin biki ba ma haka. In yana kiran sunan mutum nakan yi ƙasa, in ya ja numfashi sai in amsa masa." Na ce, "Baba, haka za a yi." Na bi waƙar layi-layi da hannu, ina rage kalangu duk inda aka ambaci suna, ina sakar masa hanya a tsakanin baitoci. Na ɗan rage wa fiyano sautinsa na tsakiya, inda yake karo da murya. Aikin ya ci lokaci, amma da muka sake ji, sunan uwar amarya ya fito tas, taken kuma bai mutu ba.

Mun ɗan ja da mawaƙin a kan ototun, manhajar da ke daidaita muryar mawaƙi in ta kauce. Yana so a cika shi, wai haka ake yayi. Na sa masa kaɗan, daidai inda muryar ta zame. Abin yana damuna yadda muke lulluɓe waƙoƙinmu da ototun da amsa-kuwwa har ba a gane abin da ake faɗa. Wanda ya biya kuɗin waƙar biki sunan mahaifiyarsa yake jira, da na ƙannensa, da na garinsu. Kalangu kuwa ban bari ototun ya kusance shi ba, don a wannan zamewar daga sama zuwa ƙasa maganarsa take.

Bayan la'asar na tura waƙar cikin waya. Yawancin masu jin ta a nan za su ji ta, kuma sifikar waya ba ta san da bes, wato sauti mai kauri, da ke ƙasa da 100 Hz ba. Sai na ƙara wa bes ɗin ɗan kaifi ta sama don a ji motsinsa. Mun roƙi wani mai adaidaita sahu ya saka mana a tasa sifikar, muka tsaya bakin titi muna saurare cikin ƙarar motoci. Sunaye suna fita.

Saura muryar mawaƙiyar, akwai kaifi a wasu baƙaƙenta da ke sukar kunne. Kunnena ya gaji, na bar shi sai gobe da safe.