Mun yi kudu don mu je arewa

Ciwon gwiwar Hajiya ne ya sa na yanke shawarar mu bi jirgi zuwa Tamale wajen ɗaurin auren 'yar yayata. A mota, daga Kumasi ka bi Techiman da Kintampo, ka haye gadar Buipe da ta Yapei, tafiyar kusan kilomita 380 ce, awa shida zuwa bakwai. Na san ƙafarta ba za ta jure zaman ba.

Da na zo sayen tikiti sai na tarar babu jirgin da zai kai mu kai tsaye a ranar. Dole mu sauka Accra, mu canza. In a miƙe ne ta sama, tsakanin Kumasi da Tamale bai fi kilomita 320 da 'yan kai ba. Mu kuwa za mu fara yin 200 zuwa kudu, sannan mu juyo arewa mu yi 440 da ɗoriya. Ninki biyu ke nan. Da na yi wa Hajiya bayani, sai ta dube ni ta ce, "Wato mu ba Tamale baya, sannan mu nemo ta?"

Ƙanena ya ce shi dai tasha zai nufa. Ƙarfe 7 na safe muka rabu a ƙofar gida a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, ina yi masa tsiya cewa kafin ya kai Kintampo mun gama cin abincin rana a can.

Daga Aboabo zuwa filin jirgin, wanda aka raɗa wa sunan Prempeh na Ɗaya a 2024, ko minti 15 ba mu yi ba. Ƙaramin jirgi ne mai farfela biyu. Hajiya ta damƙe carbinta tun kafin a rufe ƙofa, ta ce in na ga ta rufe ido kada in taɓa ta. Amma da muka ɗaga, jajayen rufin kwanon Kumasi suka baje a ƙasa, ita ce ta fara leƙe, har tana neman masallacin unguwarmu. Ba ta gama shan ruwan da aka ba ta ba aka ce mu ɗaura bel. Minti 40, ga teku.

A Accra muka sha zama. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe arewa, jirgin ƙarfe 1 ya koma ƙarfe 3. Muka yi azahar a can. Na sayo wa Hajiya abinci, ta tambayi kuɗinsa, da na faɗa sai ta ce da wannan za ta ciyar da gidanmu duka da koko da ƙosai.

Tashi na biyu ya ci awa ɗaya da 'yan mintoci. Tafkin Volta ya bayyana ya ɓace, kore ya riƙa ja da baya, ƙasa ta koma ruwan toka. Filin Tamale kuma yana bayan gari, sai da muka ƙara wajen rabin awa a tasi.

Ƙarfe 5 ta wuce muka shiga gidan biki. Ƙanena na zaune kan tabarma da kwanon tuwon zafi a gabansa, har ya yi wanka ya canza kaya. Ya taso ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya tambayi ƙafa. Ta ce ƙafa lafiya lau. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, sannu da hanya. In sa a ɗumama maka abincin ranar?"