Abin da allurar awaki a Chadi ta ƙara mini a aikin rigakafin yara

Aikina rigakafin yara ne a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Haɗeja, ɗana kuwa likitan dabbobi ne, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu. Da ya zo da maganar zai bi wata ƙungiyar sa kai zuwa Chadi su yi wa awaki da tumaki allura, raina bai so ba. Duk mai sauraron labarin yankin tafkin Chadi ba zai so nasa ya doshi can ba. Mahaifinsa ya ce namu addu'a, muka sa masa albarka. Jirgi ya kai shi Njamena, mota ta kai su Kanem, wajajen Mao.

Cutar da suka je yaƙa ita ce wadda likitoci ke kira PPR, annobar ƙananan dabbobi mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da gudawa. Dangi ɗaya ce da ƙyanda, da kuma cutar bushiya, wadda ta ci shanun iyayenmu a farkon shekarun 1980 kafin a ba da sanarwar kawar da ita daga duniya a 2011. Ita ma PPR an ɗauki alkawari a Abidjan a 2015 cewa za a ga bayanta nan da 2030. Jin dangantakarta da ƙyanda ne ya sa na fara kasa kunne sosai idan ya kira.

Wata rana na tambaye shi ƙarfe nawa suke buɗe wurin aiki. Dariya ya yi, ya ce, "Umma, ai ba mu da wurin aiki. Rijiya ce wurin aikinmu." Tun da asuba suke isa mashaya, kafin a fara jan guga, domin a nan garke ke taruwa ba tare da an kira kowa ba. Shugaban zango ne ke faɗa musu ranar da za su zo. Sai sun ƙiyasta yawan dabbobin da ke ƙasa sannan su ciro kwalba daga akwatin sanyi su zuba ruwan haɗi, saboda da zarar an haɗa ta zafin rana na fara cin ƙarfinta. Mutum biyu na riƙewa, ɗaya na soka allura a ƙarƙashin fata, ɗaya na yanke gefen kunne a matsayin shaida. Wadda kunnenta ke da tsaga ba a sake ɓata mata allura.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda ke kawo awakin. Shanu da raƙuma, maza ne ke tsayawa a kansu, amma akuya da tunkiya yawanci mata ne ke janyo su, kowacce da goyo a baya, ga wasu yaran riƙe da gefen zani. Ya ce mini, "Umma, da kina nan da akwatinki, da ba ki zauna ba." Su ne fa irin matan da muke rubutawa a rahoto cewa ba sa zuwa asibiti. Mu kuwa muna buɗe ɗakin allura ƙarfe tara na safe, daidai lokacin da matar ruga ta gama tatsa ta ɗora ƙwarya ta nufi gari tallan nono. Mu tashi da azahar, ita ta dawo da la'asar sakaliya. Sannan a ce ta ƙi.

A Chadin ma an daɗe da gano wannan. Wajen shekarar 2000 masu bincike na Chadi da na Suwizalan sun duba makiyayan Shari-Bagirmi da Kanem, suka tarar ana yi wa shanu allura amma ba su sami yaro ko ɗaya da ya kammala nasa rigakafin ba. Daga nan har zuwa 2005 aka riƙa fita da ma'aikatan lafiya da na dabbobi a mota ɗaya, ana yi wa garke, ana yi wa mata da yara. Ɓangaren lafiyar mutane har ragin kuɗin aiki ya samu, kusan kashi 15 cikin 100.

Na kai maganar wurin malamin dabbobi na yankinmu, wanda muke gaisawa a kasuwa shekara da shekaru ba mu taɓa zancen aiki ba. Shi ya haɗa ni da arɗo. Yanzu idan zai fita allurar ciwon huhu ta shanu yakan yi mini waya, in ɗauki akwatina in hau bayan babur. Ba kullum abin ke yiwuwa ba: kuɗin mai nasu daban, namu daban, kuma kowace ma'aikata na son a ce ita ta yi. Amma a ranar da muka dace, ba na fargabar buɗe kwalbar ƙyanda mai allurar yara 10, wadda dole a zubar bayan awa 6. A asibiti sau da yawa akan ce wa uwa ta dawo wani mako don ba a tara yaran da za a buɗe musu ba. A ruga kafin a gama shanu kwalbar ta ƙare.

Da ɗana ya dawo, ya rame ya yi baƙi, yana ta zumuɗin yawan dabbobin da suka yi wa, sai na ɗan ja masa birki. Na ce, "Babana, akuyarka allura ɗaya ta ishe ta har ta mutu. Nawa yaron sai sau uku yake karɓar Penta, allurar nan mai kare cututtuka biyar, a mako 6 da 10 da 14, ga ƙyanda a wata 9." Baƙon da ya zo na 'yan makonni zai iya gama akuya ya koma gida da hotuna. Yaro kuwa sai wanda zai dawo, kuma kafin ya dawo an tashi an bi burtali zuwa wani mashekarin. Shi kansa ya ce mataimakan likitan dabbobi 'yan ƙasar, masu jin Larabcin Chadi da Goranci, su ne suka san inda kowane zango zai sauka nan da wata guda, kuma su aka bari da aikin.

Don haka nake rubuta lambar wayata a bayan katin kowane yaron ruga, in tambayi arɗo inda suka dosa, in kira abokiyar aikina ta asibitin da ya fi kusa da can in karanta mata sunayen. Wasu ana samun su a yi musu ta biyu da ta uku. Wasu sun ƙetara Nijar kafin ranar ta zo.