Yadda haske ke nuna inda nauyi ya taru a jikin gini

A shekarar 1816 David Brewster, masanin kimiyya ɗan Sikotilan, ya bayyana cewa gilashin da aka matsa yana raba hasken da ya ratsa shi gida biyu, kowane kashi da nasa saurin. A kan wannan ne aka gina fasahar fotoilastisiti, wato amfani da haske wajen ganin inda matsi ya taru a jikin abu, wadda masana biyu, Coker da Filon, suka bunƙasa a Landan a farkon ƙarni na 20.

Ana ƙera ƙaramin samfurin ginshiƙi ko gada da roba mai garai-garai kamar efoksi, a sa shi tsakanin matatun haske biyu (faranta masu barin haske mai kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce), sannan a ɗora masa nauyi. Nan take layukan launi suke bayyana, kuma inda suka cunkushe, nan ne matsi ya taru, galibi a kusurwa mai kaifi ko bakin huda. Ƙaramar huda zagayayya a faffaɗan farantin da ake ja tana ninka matsin bakinta sau uku.

Yau kwamfuta ta karɓe yawancin lissafin, amma a ganina samfurin roba yana nan da amfaninsa wajen tantance sakamakonta, musamman a mahaɗa masu sarƙaƙiya.